In kun isa, ku kayar da shi a akwati

Kwanan baya ina sauraron wani shirin siyasa a rediyo, irin wanda sojojin baka ke shiga da daddare, sai aka taɓo maganar wani mataimakin gwamna da majalisar jiharsa ta yi waje da shi. Ɗaya daga cikin masu magana ya kwashe da dariya ya ce, "To ai siyasa ce, shi ma da ya samu dama haka zai yi." Aka wuce. Babu wanda ya tambayi laifin da aka tuhumi mutumin da shi, balle a tambaya ko an ba shi damar kare kansa. Dariyar nan ta tsaya mini a rai.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Wanda ƙuri'a ta ɗora a kujera, ƙuri'a ce ya kamata ta sauke shi, ko kuwa shari'ar da aka bi ƙa'idarta daga farko har ƙarshe. Duk wata hanya da abokin hamayya zai bi ya ture shi, ko da 'yan majalisar da aka tara a otal, ko da takardar kotu da aka samo da tsakar dare, ko da jami'an tsaro a bakin ƙofar ofis, to fashi ne aka yi wa waɗanda suka zaɓe shi. Ina kan wannan ra'ayi ko da wanda aka ture ɗin ba na ƙaunar ganinsa. Kuma cutar nan ba a siyasa kaɗai take ba, ta daɗe da cin harkar wasanninmu.

A fagen dambe ba a cewa an yi kisa sai jama'a sun ga mutum ya taɓa ƙasa. Wanda ya sa aka kulle abokin karawarsa tun kafin a fito fili, ba makaɗin da zai yi masa kirari. Ban san dalilin da ya sa a siyasa muke tafa wa irinsa ba.

"Ai doka ce ta ba su dama"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sashe na 188 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar jiha ikon tsige gwamna ko mataimakinsa. Amma ya gindaya matakai: kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar tuhuma, a miƙa wa wanda ake tuhuma, kashi biyu bisa uku su amince a yi bincike, alƙalin alƙalan jiha ya kafa kwamitin mutum bakwai waɗanda ba 'yan jam'iyya ba ne, mutumin ya kare kansa, sannan in kwamitin ya same shi da laifi kashi biyu bisa uku su sake amincewa.

To a duba yadda ake yi a aikace. A Janairun 2006 'yan majalisar Oyo 18 daga cikin 32 suka tsige Rashidi Ladoja, bayan sun soma zaman nasu a wani otal a Ibadan. A Nuwamban shekarar, mutum shida daga majalisar Filato mai kujeru 24 suka zauna da sassafe suka ce sun tsige Joshua Dariye. A watan ne kuma aka tsige Peter Obi a Anambra. Duka ukun kotu ta rushe tsigewar. Kowane ɗan firamare ya san shida ba ta kai kashi biyu bisa uku na ashirin da huɗu ba, kuma waɗanda suka shirya abin sun fi kowa sani.

Abin da ya fi damuna ma shi ne inda lissafin ya cika. Gwamnan farko da aka tsige a tarihin ƙasar nan shi ne Malam Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna, ranar 23 ga Yunin 1981. Shi ɗan PRP ne, majalisa kuwa NPN ce ke da rinjaye. Tun daga 1979 suka yi ta watsi da sunayen kwamishinoninsa, har ya yi mulkinsa ba shi da majalisar zartarwa. Da suka gama shiri suka sauke shi, kotu kuma ta ce kundin 1979 ya hana ta sa baki. Yau shekara arba'in da wani abu, ka tambayi duk wani dattijo a Kaduna ko Katsina ko Zariya me Balarabe Musa ya sata. Mutumin da ya koma gonarsa ya rayu a gidansa na Kaduna har Allah Ya karɓi ransa a 2020, ba a taɓa jin an nuna wani katafaren abu an ce nasa ne ba. Mutanen jiha sun zaɓi gwamna daga wata jam'iyya, jam'iyyar da ta faɗi zaɓen gwamnan ta yi amfani da yawanta a majalisa ta kore shi. In doka ta halatta wannan, to dokar ce ke da gyara.

Kuma inda gizo ke saƙar a bayyane yake. Kundin ya ce babban laifin da zai sa a tsige mutum ya haɗa da duk abin da majalisar ta ga babban laifi ne a ra'ayinta. Da wannan jimla guda, ƙin gaisuwa ma yana iya zama laifi.

Laifin mataimaki

Idan kana son ganin abin da ake amfani da tsigewa a kansa, bar gwamnoni ka dubi mataimakansu. A 2009 Isa Yuguda ya bar ANPP ya koma PDP a Bauchi. Mataimakinsa Garba Gadi ya ce shi yana nan a jam'iyyar da jama'a suka zaɓe su a cikinta. Ba a rufe shekarar ba aka tsige shi, sai a 2010 kotu ta mayar da shi. Shekara goma sha biyu bayan haka aka maimaita wasan a Zamfara: Bello Matawalle ya koma APC a 2021, Mahdi Aliyu Gusau ya zauna a PDP, a Fabrairun 2022 majalisa ta tsige shi, a ranar kuma aka rantsar da wanda zai gaje shi. Jam'iyyun sun bambanta, salon ɗaya ne. A duka biyun, wanda ya tsaya inda masu zaɓe suka ajiye shi ne ya rasa kujera.

Na Kogi ya fi ban mamaki. A 2019 kwamitin binciken da aka kafa ya ce ba a tabbatar da zarge-zargen da ake yi wa mataimakin gwamna Simon Achuba ba. Kundin ya ce in haka ta faru magana ta mutu ke nan. Majalisa ta tsige shi duk da haka.

Wani zai ce to mataimaki ai ɗan rakiya ne, me ya dame mu da shi. A tambayi mutanen Taraba. A farkon Oktoban 2012 aka tsige mataimakin gwamna Sani Abubakar Danladi. Kimanin mako uku bayan haka Gwamna Danbaba Suntai ya yi hatsarin jirgin sama kusa da Yola, bai ƙara samun lafiyar da zai riƙe mulki yadda ya kamata ba. Sai ya zama mutumin da aka naɗa mataimaki a 'yan kwanakin nan, wanda ba a kaɗa masa ƙuri'a ko ɗaya ba a zaɓen 2011, shi ne ke jan ragamar jiha har tsawon shekara biyu. Sai a Nuwamban 2014 Kotun Ƙoli ta ce ba a yi wa Danladi adalci ba wajen saurarensa, ta mayar da shi. Shekara biyun nan da jihar ta yi cikin ja-in-ja kan wane ne gwamna, ba wanda ya biya ta.

"Ai dama ɓarawo ne"

Wannan hujjar ta fi shiga zuciyar talaka, don talaka ya gaji. In aka ce an tsige gwamna, abin da ke zuwa masa shi ne, Allah Ya ƙara, dukansu ɓarayi ne.

Mu koma kan Dariye, tunda shi ne misalin da ya fi wuya a kare. An zarge shi da karkatar da kuɗin jiha, kuma a 2018 wata babbar kotu a Abuja ta same shi da laifi ta yanke masa shekara 14, daga baya aka rage zuwa 10. Ke nan zargin ba ƙage ba ne. Amma me tsigewar mutum shida ta amfana? Kotun Ƙoli ta mayar da shi kujerarsa a Afrilun 2007, ya dawo a matsayin wanda aka zalunta, mutanensa suka ƙara rungumarsa, har suka tura shi Majalisar Dattawa a 2011. Hanyar da ta kai shi kurkuku ita ce doguwar, mai shaidu da lauyoyi da takardun banki. Gajeriyar hanyar riga ta ɗinka masa ya sa. (Afuwar da gwamnatin Buhari ta yi masa a 2022 kuwa wata magana ce daban, mai nata takaicin.)

Sannan wa ke zaɓen ɓarawon da za a kama? Wanda ke riƙe da 'yan sanda da hukumar EFCC da asusun gwamnati shi ne ke zaɓa, kuma ba ya taɓa zaɓen na kusa da shi. Murtala Nyako ya yi shekaru yana mulkin Adamawa a PDP majalisa ba ta sauke shi ba. Ya koma APC a ƙarshen 2013, ya rubuta wasiƙar nan mai zafi yana sukar yadda gwamnatin Jonathan ke tafiyar da yaƙin Boko Haram, a Yulin 2014 aka tsige shi. Kakakin majalisar da ta tsige shi ne ya zama muƙaddashin gwamna. Ko da a ce duk abin da aka tuhumi Nyako da shi gaskiya ne, lokacin da aka zaɓa ya isa ya sa mai hankali ya yi tambaya. Darasin da sauran gwamnoni suka ɗauka daga nan shi ne su yi shiru su yi biyayya. Ba wanda ya ɗauki darasin barin sata.

Kujerar ƙwallo

Masu kallon ƙwallo na ganin kamar wannan duk rigimar 'yan siyasa ce. Alhali hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta sha irin wannan fiye da majalisun jihohi da yawa.

A Yunin 2005 Super Eagles ta yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, da Angola a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano. A ƙarshe ƙasashen biyu suka tashi da maki 21 kowacce, Angola ta tafi gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus saboda ta doke mu a Luanda. Shugaban hukumar a lokacin, Ibrahim Galadima, ya ce zuwa gasar kofin duniya ba gadon Najeriya ba ne. Maganar ta yi wa mutane zafi, kodayake ban ga ƙarya a cikinta ba. Ya sake tsayawa a ƙarshen shekarar, wakilai suka sake zaɓensa a Kano, ma'aikatar wasanni ta ƙi yarda, aka yi ta ja har aka sake zaɓe a 2006 Sani Lulu ya hau. Shi ma Lulu, bayan an kunyata a Afirka ta Kudu a 2010, 'yan kwamitinsa suka tsige shi, a daidai makon da Shugaba Jonathan ya ce ya dakatar da ƙungiyar daga wasannin duniya na shekara biyu, kafin barazanar FIFA ta sa ya janye.

Aminu Maigari ya gaje shi. A zamaninsa aka ci kofin Afirka na 2013, aka kai zagaye na biyu a Brazil a 2014. Yana dawowa daga Brazil jami'an tsaro suka tare shi a filin jirgi, wata kotu a Jos ta ba da umarnin dakatar da shugabannin hukumar, ministan wasanni ya ɗora wani ma'aikaci ya riƙe. FIFA ta dakatar da Najeriya ranar 9 ga Yuli. Da ba a janye ba cikin kwana tara, da 'yan matan Falconets ba su je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada ba, gasar da suka kai wasan ƙarshe kuma duniya ta san Asisat Oshoala. Daga nan aka shiga rikicin Chris Giwa da Amaju Pinnick, kowa na cewa shi ne zaɓaɓɓe, rikicin da ya sake tashi a 2018 har sai da FIFA ta ba da wa'adi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa baki. A tsakiyar wannan hayaniya ta 2014 ne masu riƙe da kofin Afirka suka kasa samun gurbin zuwa kare shi a 2015.

Hujjar gwamnati kullum ita ce kuɗinta ne ake kashewa, don haka tana da ta cewa. Na yarda tana da ta cewa a kan kuɗin. Ta aiko masu binciken kuɗi, ta riƙe tallafi har sai an kawo lissafi, ta kai wanda ya ci kuɗi kotu. FIFA kanta, da duk abin kunyar da ya fallasa a cikinta a 2015, ba ta da bakin hana wannan. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne minista ya cire wanda wakilai suka zaɓa ya ɗora nasa.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi ƙwallon kwando. A 2017 hukumar ta rabu gida biyu, ɓangaren Tijani Umar da na Musa Kida. A Mayun 2022 gwamnati ta ce ta janye Najeriya daga duk wasannin duniya na shekara biyu don a gyara gida. 'Yan matan D'Tigress, waɗanda suka ci kofin Afirka sau uku a jere, a 2017 da 2019 da 2021, suka kuma doke Faransa da Mali a wasannin neman gurbi, sun riga sun samu tikitin gasar duniya a Ostireliya. Aka ba Mali gurbinsu, Malin da suka doke. Bayan 'yan makonni gwamnati ta janye matakin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Manyan da ke rigimar kujera ba wanda ya rasa komai. 'Yar wasa kuwa shekarun ƙarfinta ƙididdigaggu ne.

Wanda ya kulle ƙofa fa?

Ga hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Ana cewa, kai da ke cewa a jira akwati, in mai kujerar ya riga ya kulle hanyar zuwa akwatin fa?

Hakan na faruwa. Issa Hayatou ya riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, daga 1988. A 2012 aka sauya doka aka ce sai ɗan kwamitin zartarwa ne zai iya takarar shugabanci, wanda hakan ya fitar da Jacques Anouma na Kwaddibuwa daga fage. A 2015 aka cire ƙa'idar shekara 70 don ya samu sake tsayawa. A Nijar, Tandja Mamadou ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki a 2009 don tazarce. Hama Amadou kuwa daga gidan yarin Filinge ya yi takarar 2016, ya zo na biyu a zagayen farko bai yi gangami ko ɗaya ba, a 2020 kuma kotu ta hana shi tsayawa saboda hukuncin da aka yanke masa a shari'ar safarar jarirai, shari'ar da magoya bayansa suka tsaya a kan cewa bi-ta-da-ƙulli ce.

Amma a lura, duk waɗannan ai su ne abin da nake suka. Hana abokin hamayya shiga fage da ture shi bayan ya ci, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Tambayar ita ce da me ake maganin mai kulle ƙofa. Hayatou, da duk katangar da ya gina, a akwati ya faɗi a Addis Ababa a Maris 2017, ƙuri'a 34 da 20, a hannun Ahmad Ahmad na Madagaska wanda mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Tazarcen Obasanjo a zauren Majalisar Dattawa ya mutu a Mayun 2006, gidajen talabijin na nunawa kai tsaye. Jonathan da PDP ɗin da ta ce za ta yi shekara sittin, katin zaɓe ne ya sauke su a 2015. Tandja kuwa sojoji ne suka ɗauke shi a Fabrairun 2010, mutane suka yi murna a titunan Yamai, sojojin suka cika alkawari suka miƙa mulki a 2011. Sai dai kowane juyin mulki da aka tafa wa yana sauƙaƙa na gaba, kuma a Yulin 2023 masu gadin fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Bazoum ba tare da wani tazarce da za su kafa hujja da shi ba.

Ko a sarauta mun gani. Majalisar Kano ta yi doka a 2019 ta raba masarauta, a Maris 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi II. Da gwamnati ta sauya, majalisar nan dai ta soke dokar a Mayun 2024, aka sauke Sarki Aminu Ado Bayero. Ko wane ɓangare kake, ka ga makamin da aka wasa wa wani ya dawo hannun wanda aka sara, birni kuma ya wayi gari da fada biyu da shari'u a kotuna.

"Ku tafi kotu"

Wannan ita ce maganar da ake jefa wa duk wanda aka zalunta a yanzu, kuma masu faɗar ta da murmushi suke faɗa, don sun san lissafin. Gaskiya ne tun hukuncin shari'ar Ladoja a Disambar 2006 Kotun Ƙoli ta ce majalisa ba za ta fake da kariyar kundi ba matuƙar ba ta bi matakan ba, kuma wannan ci gaba ne a kan zamanin Balarabe Musa. Amma Ladoja wata goma sha ɗaya ya yi a waje, ba a kuma ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Nyako sai a 2016 kotu ta ce tsigewarsa haramtacciya ce, lokacin wa'adinsa ya ƙare tun Mayun 2015, sai aka ce a biya shi haƙƙoƙinsa. Achuba ma da hukuncinsa ya fito a 2020 wa'adin ya riga ya wuce. Wanda ya shirya tsigewar ya samu abin da yake so, kuɗin diyya kuma daga baitulmalin jiha zai fito, wato daga aljihun mutanen da aka sace wa ƙuri'a.

Gyaran ba wani abu ne mai wuya ba, don muna da samfurinsa a hannu. Kundin tsarin mulki ya ba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60. A sa wa shari'ar tsigewa wa'adi irin wannan, ko ma ƙasa da shi, kuma kada a rantsar da magaji na dindindin sai an gama. A fayyace abin da ake nufi da babban laifi, a cire jimlar nan ta ra'ayin majalisa. Kakakin da ya jagoranci tsigewa a haramta masa riƙon kujerar da ya taimaka aka sauke mai ita. Sannan in kotu ta tabbatar an karya matakan da gangan, kamar mutum shida su yi aikin mutum goma sha shida, to waɗanda suka sa hannu su biya diyyar daga aljihunsu, a kuma hana su takara na wani lokaci. Majalisar Tarayya na yawan buɗe zaman gyaran kundi tana karɓar shawarwari daga shiyya-shiyya. Ƙungiyar lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula su kai wannan, su kuma bi shi har majalisun jihohi 24 da ake buƙatar amincewarsu, don a can ne zai fi shan wuya, wurin mutanen da za a karɓe wa makamin.